HBx: Furotin ɗin da Ke Buɗe wa Sankarar Hanta Hanya

Daga Tungan Maje zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ba wata tafiya ba ce, amma sau da yawa mai sankarar hanta ba ya isa gaban likita sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, an sha jiƙon shawara an gaji, har an fara zargin sammu. A lokacin kuwa cutar ta riga ta yi nisa.

A ƙasarmu babban tushenta shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Idan ta zauna a hanta takan ƙera wani ɗan furotin mai suna HBx, kuma shi ne uban ɓarna. Yakan danne p53, furotin ɗin da aikinsa shi ne hana lalatacciyar ƙwayar halitta hayayyafa. Sannan, kamar yadda gwaje-gwajen masana suka nuna, yakan rage E-cadherin, wanda ke riƙe ƙwayoyin hanta da juna yadda siminti ke riƙe bulo. Da riƙon ya saki, sai ƙwayoyin sankarar su ɓalle, su kutsa jijiyar jini, su yaɗu cikin hantar, wasu har huhu.

Abin bai tsaya nan ba. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai ɗauke da gubar aflatoksin, ita ma p53 ɗin take lalatawa. Manomin da ya haɗa ƙwayar cutar da wannan guba haɗarinsa ya ninka.

Abin takaicin shi ne yawancin masu ƙwayar cutar hanta nau'in B tun suna ƙanana suka kamu, wajen haihuwa ko ta askar da ba a tsabtace ba. Jarirai 9 cikin 10 da suka kamu sukan zauna da ita, ta yi shekaru tana aiki shiru. Nijeriya ta sa rigakafinta cikin allurar yara tun 2004, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, ba sai bayan suna ba.

Mai juna biyu ta nemi gwajin cutar a wurin awo. Wanda aka samu da ita kuma ya riƙa ganin likita, a riƙa duba hantar duk wata shida, domin akwai magungunan da ke danne ƙwayar.