Lardin Sakkwato: Ƙasarsa da Tsarin Mulkinsa

Lardin Sakkwato shi ne kusurwar arewa maso yammacin tsohuwar Jihar Arewa. Turawa ne suka shata shi bayan sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Daga arewa ya yi iyaka da ƙasar Nijar, daga yamma da Dahomi, wato Binin ta yau, daga gabas da Katsina, daga kudu kuma da Lardin Neja.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa da gajeriyar damina, don haka rayuwarta ta dogara ga gulabe. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa kusa da birni, ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara, sannan ya faɗa Kwara. A fadamunsu ake shinkafa da albasa, a tudu gero da dawa. Gabashin lardin, wajen Gusau da Ƙauran Namoda inda jirgin ƙasa ya tsaya, nan ne gidan gyaɗa da auduga. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta yi suna har Turai.

Masarautu huɗu ne ginshiƙansa: Sakkwato, Gwandu, Argungu da Yawuri. A zamanin Turawa, Razdan yana zaune a Sakkwato, Di'o-Di'o suna ƙarƙashinsa, amma gwamnatin da talaka ya sani ita ce En'e. Ita ke da baitulmali da alƙalai da 'yan doka da gidan yari, ita ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai. A kan En'en Sakkwato akwai Sarkin Musulmi, wanda fadarsa ba ta da nisa da Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu a 1817. Daga wannan gado ƙimarsa ta fito, abin da Razdan bai taɓa samu ba. Sai dai faɗin masarautar ya yi yawa. Shi ya sa a 1938, shekarar da Abubakar III ya hau gado, aka tura Sardauna Ahmadu Bello Gusau ya kula da gundumomin gabas.

A 1967 aka haɗa lardin da na Neja suka zama Jihar Arewa maso Yamma, aka raba su a 1976 zuwa Jihar Sakkwato da Jihar Neja. Daga Jihar Sakkwato aka cire Kebbi a 1991, Zamfara a 1996.