Tsohon umarnin da aka manta cikin kwamfuta ya cinye dala miliyan 440 cikin minti 45

Wanda ya buɗe manhaja a talhonsa don aika kuɗi Damagaram ko duba sakamakon jarrabawa, maɓallai da launi kawai yake gani. Ainihin aikin a wani wuri ake yin sa, cikin wata babbar kwamfuta da ma'aikatan fannin ke kira saba. Ita ce ke riƙe da sunayen mutane da lissafinsu, tana bin dubban layukan umarni da masu tsara manhaja suka rubuta. Wannan rubutu shi ake kira kod.

Kod ba ya tsatsa kamar ƙarfe, amma yana tsufa. Wanda ya rubuta shi ya bar aiki, wani ya zo ya ƙara nasa a gaggauce saboda shugaba na jira, na uku ya tarar da wani sashe da bai gane ba, ya ji tsoron taɓawa ya bar shi. Bayan ƴan shekaru sai ya zama kamar wayar lantarki a tsohon gidan haya: kowane ɗan haya ya ja tasa, fitila na kamawa, amma ba wanda ya san wace waya ce ke zuwa ina. A 1992 wani masani ɗan Amurka, Ward Cunningham, ya kwatanta wannan hali da bashi. Aikin da aka yi da gaggawa rance ne, kuma ruwansa na hawa muddin ba a koma an gyara ba.

Abin da ya sami kamfanin Knight Capital ya nuna yadda ake biyan irin wannan bashi. A 2012 kamfanin na cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka, kusan kashi 10 cikin 100 na cinikin hannun jarin ƙasar ta hannunsa yake bi. Ba mutane ne ke saye da sayarwa da hannu ba, kwamfutoci ne ke karɓar odar abokan ciniki su kai ta kasuwa cikin ƙiftawar ido.

Cikin kod ɗin waɗannan kwamfutoci akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg. Tun 2003 aka daina aiki da shi, amma ba a goge shi ba. A 2005 kuma aka ɗauke ɓangaren da ke ƙirga yawan hannun jarin da aka riga aka saya aka maida shi wani wuri, ba tare da an gwada abin da zai faru da tsohon sashen ba. Wato an bar mota a gareji, an cire mata birki, makulli kuma na jikinta.

Da kasuwar hannun jari ta New York ta shirya fara wani sabon tsari ranar 1 ga Agusta 2012, Knight Capital ya rubuta sabon kod. Maimakon a ƙirƙiri sabuwar alama da za ta tada shi, sai aka yi amfani da tsohuwar alamar da ke tada Power Peg a da. Saba takwas ne ya kamata a ɗora wa sabon kod ɗin. Ma'aikacin da aka ba aikin ya ɗora wa bakwai, ya tsallake ɗaya, kuma kamfanin ba shi da dokar da ta ce sai wani na biyu ya bi sawu ya duba.

Da safiyar ranar, kafin a buɗe kasuwa, kwamfutocin sun aika saƙonni 97 masu ambaton Power Peg zuwa ga ma'aikata. Ba a tsara su a matsayin ƙararrawar haɗari ba, don haka ba wanda ya tashi a kansu. Ƙarfe 9 da rabi kasuwa ta buɗe. Saba ta takwas ta ga tsohuwar alama ta tada tsohon sashe, shi kuwa ba mai gaya masa ya isa haka. Daga oda 212 ta abokan ciniki, aka yi ciniki sau fiye da miliyan 4 a hannun jari iri 154. Injiniyoyi, cikin ruɗewa, suka zaci sabon kod ne ke da laifi, suka cire shi daga saba bakwai masu lafiya. Sai su ma suka koma kan tsohon. Kafin a tsayar da abin, minti 45 sun wuce, kamfanin ya sanar da asarar dala miliyan 440, sama da miliyar 200 na sefa.

Da sauƙi a ɗora laifin kan ma'aikacin da ya manta saba ɗaya, amma wannan rashin adalci ne. Mantuwa ta ɗan Adam ce, kowa na yi. Abin da ya maida ta bala'i shi ne shekaru tara da aka bar mataccen kod a wurin, da suna ɗaya da aka ba abubuwa biyu, da rashin mai dubawa. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ma kamfanin ta kama: a Oktoba 2013 ta ci shi tarar dala miliyan 12. Kafin nan an ceto shi da dala miliyan 400 daga masu zuba jari, daga baya ya haɗe da kamfanin Getco.

Wani nau'in sakacin shi ne kayan aro. Kusan kowane shafin intanet an gina shi ne bisa kod ɗin da wasu suka rubuta suka bayar kyauta, kuma sai an riƙa sabunta shi. A Maris 2017 aka sanar da wata kafa a Apache Struts, ɗaya daga cikin irin waɗannan kayan, aka kuma fitar da gyara. Kamfanin Equifax na Amurka bai ɗora gyaran a kan lokaci ba. Ɓarayi suka shiga ta nan suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 147.

Waɗannan kamfanoni ne masu ɗaruruwan injiniyoyi. Ƙaramar ma'aikata, makaranta ko ƙungiya da ta ba matashi ɗaya kwangilar gina mata shafi ta fi su shiga haɗari, domin sau da yawa ana biyan kuɗin ginawa ne kawai, ba a ware na kulawa ba. Ranar karɓar aiki idon kowa na kan kyawun shafin. Da wuya a tambayi a hannun wa kod ɗin zai zauna, ko akwai takardar bayani da wani zai karanta ya gane, ko akwai gwaje-gwajen da ke gudana da kansu duk lokacin da aka canza layi guda. Idan matashin ya sami aiki a Dakar ko Abijan, wanda aka ɗauko ya gaje shi yakan duba na kwana biyu ya ce gara a rushe a sake daga farko, sai a sake biyan kuɗin gini karo na biyu.