Tattakin safe bayan ruwan sama a Magarya da Dungas

A Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram, yashi ne babban abin da ke hana mutum jin daɗin tafiya a ƙasa. Da rani ƙafa nutsewa take, ga ƙura, ga rana tun da hantsi. Amma idan hadari ya sauke ruwa cikin dare, da asuba ƙasa ta daddale, iska ta yi sanyi, ƙura ta kwanta. A duk shekara babu lokacin da ya fi wannan dacewa da tattaki.

Manomi ba ya bukatar a tuna masa, don kafin rana ta fito ya kama hanyar gona da hauya a kafaɗa. Masu bukata su ne mutanen cikin gari, wato ma'aikacin ofis, mai kanti, tela, da wanda ko kasuwa zai je sai ya hau kabu-kabu. Irin wannan zama yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiyar da ake nufi mai ɗan sauri ce, wadda numfashi zai ƙaru amma mutum na iya hira da abokin tafiyarsa.

Wanda ya fita bayan gari zai ga abin da ya fitar da sunan wannan yanki, wato gawo. A tsakiyar damina, lokacin da kowane icce ya yi shar, shi gawo tsaye yake babu ganye, gero kuwa na bunƙasa a gindinsa saboda takin ganyen da ya zubar. Yawancin waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙa barin tsiron da ya fito da kansa suna yi masa gyara, abin da ake kira sassaben zamani. Yau miliyoyin gawo ne a gonakin, har da na Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma a 2011. Ga shamuwa da balbela na kiwo a kunya, ga kukan kwaɗi daga fadama.

Sai dai safiyar bayan hadari na da nata haɗarin. Katangar ƙasa da ta sha ruwa kan faɗi bayan an ɗauke, don haka a nisanci gindinta. Kada a kusanci wayar lantarki da iska ta tsinka, kuma a sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama da ruwa ya koro daga rami. Kududdufai kuwa nan sauro ke hayayyafa, a watannin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitin Magarya da yara. Mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita kafin ya soma.