Kullen Shiyya: Abin da Ke Hana Kaset Ɗin Wasa Aiki a Na'urar Hannu

A ɗauka wani ɗalibi a Daura ya samu na'urar wasa ta hannu samfurin Nintendo 3DS, tsarabar da yayansa ya kawo masa daga Ingila. Ya yi ta tarin 'yan kuɗinsa, ya ba da sautu Kano aka sayo masa kaset ɗin wasa cikin kayan gwanjo da suka fito daga Amurka. Kaset ya shiga raminsa daram, amma ko alamar wasan ba ta bayyana a allo ba. Nan take za a ce jabu ne, ko kuwa na'urar ta lalace. Sau da yawa duka biyun lafiyarsu ƙalau. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ake kira kullen shiyya, wato kamfani ya raba duniya kashi-kashi, ya hana kayan wannan kashi aiki da na wancan.

Asalin wannan rabo daga talabijin yake. Amurka da Japan sun bi tsarin NTSC, mai layuka 525, wanda kan sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Ingila da Jamus da Nijeriya sun bi PAL, mai layuka 625 da sabuntawa sau 50. Faransa kuwa ta fito da nata, SECAM, Jamhuriyar Nijar ta bi sawunta. Ke nan iyakar Kwangwalam da ke arewa da Daura ta taɓa zama iyaka tsakanin tsarin talabijin biyu, domin akwatin da aka yi don PAL kaɗai, in ya kama tashar SECAM, hoton baƙi da fari yakan fito. Na'urorin wasa da ake jonawa da talabijin sun gaji wannan matsala. Wasan da aka tsara a Japan, in aka mayar da shi PAL ba tare da gyara ba, saurinsa kan ragu da kashi ɗaya cikin shida.

To, amma na'urar hannu da allonta take tafe, ba ruwanta da talabijin. Game Boy, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1989, batura huɗu take ci, kuma tana karɓar kaset daga kowace ƙasa. Haka Game Boy Advance ta 2001 da Nintendo DS ta 2004. Ita ma PSP ta kamfanin Sony ba ta kulle wasanni ba, finafinai kawai ta kulle. Sai a 2008 kullen ya fara leƙowa a DSi, sa'annan a 2011 ya rufe 3DS gaba ɗaya. Wannan ya nuna ba ilimin lantarki ne ya tilasta shi ba, shawarar kasuwanci ce.

Yadda yake aiki ba wuya. Cikin bayanan farko da ke kan kaset akwai 'yar alama mai faɗin shiyyar da aka yi shi dominta. Ita ma na'urar an rubuta mata tata tun daga masana'anta. Da an sa kaset, manhajar na'urar kan gwada alamun biyu. In ba su dace ba, sai ta yi kamar ba a sa kome ba. Ya yi kama da ɗan jarrabawar da ya san karatu sarai, amma lambarsa ta wata cibiya ce, mai gadi ya tsare shi a ƙofa.

Kamfanoni kan kafa hujja da bambancin harshe da dokokin shekarun masu wasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai babban dalili shi ne farashi. Kamfani yana so ya sayar da tsada a nan, da araha a can, ba tare da 'yan kasuwa sun kwaso na can sun karya masa farashin nan ba. A 2006 Sony ta yi nasara a kotun Landan a kan Lik Sang, wani kantin Hongkong mai aika PSP ɗin Japan zuwa Turai, kantin kuwa ya rufe a shekarar.

Wahalar mai saye a Daura ko Mai'adua ko Zango ita ce kayan da ke iso masa gauraye suke. Wasu ta kasuwar Alaba ta Legas suka biyo, wasu daga Dubai, wasu tsarabar aikin Hajji. Abin mamaki, 3DS ɗin da aka sayar a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 'yan shiyyar Amurka ne, ba na Turai ba. Saboda haka ba a dogara da inda aka sayo abu, dubawa ake yi. A shiga wurin saitin na'urar: lambar manhajarta kan ƙare da harafin U in ta Amurka ce, E in ta Turai ce, J in ta Japan ce. A jikin kaset kuma lambar kan ƙare da USA ko EUR ko JPN. Tambarin shekaru ma shaida ne: ESRB na Amurka ne, PEGI na Turai, CERO na Japan. Dole harafin na'ura da na kaset su zama 'yan gida ɗaya. Tun da an daina ƙera 3DS a 2020, an kuma rufe kantinta na intanet a Maris 2023, kaset ɗin gwanjo ne ya rage wa mai son sabon wasa, don haka kuskuren saye yana da ciwo.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kulle, wato caja. Cajar 3DS ta Amurka don wuta mai ƙarfin bolt 120 aka yi ta, ta Nijeriya kuwa 230 ce. In aka soka ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi. A karanta rubutun jikinta tukuna.

A 2017 Nintendo ya saki kullen a na'urarsa Switch, ban da wadda aka yi wa kasuwar Sin. Amma da Switch 2 ta fito a Yuni 2025, sai aka sayar da iri biyu a Japan: mai Japananci zalla a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa a kan yen 69,980. Ɗan kasuwar da araha ta ruɗa ya kwaso ta farko zuwa Kano, zai tarar ba a iya juya ta zuwa Turanci.