Mai Koyon Kiɗa da Bitar Gida: Yadda Za a Kare Kunne da Hannu

Yaron da ke koyon kalangu, ko kotso, ko gangar fareti, ba ya daɗewa a gaban mai koya masa. Idan daga Durun yake zuwa Kabo ko Gwarzo wurin ubangidansa, wataƙila sau ɗaya ko biyu ne a mako, awa ɗaya ko biyu. Sauran kwanakin a gida yake bita, shi kaɗai, a ɗaki ko a zaure, babu mai ce masa ya isa haka. A waɗannan sa'o'i ne hannu yake faɗawa, kuma a cikinsu ne yawancin lahanin da kiɗa ke yi wa jiki yake taruwa. Wanda ya fi muni shi ne na kunne, domin shi ba ya warkewa.

Yadda ƙara ke cin kunne

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu siraran gasu a kansu, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiyar ji, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su. Idan sun samu hutu sukan farfaɗo, idan kuwa aka yi ta maimaita musu kullum sai su mutu, kuma jikin ɗan Adam ba ya tsiro da wasu a madadinsu. Babu allura ko ɗigon kunne da ke dawo da su.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron sauti mai ƙarfin 80 har awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuma 75. Amma da zarar an kai 90, awa 4 kacal ya rage a mako. A 100 kuwa, kimanin minti 20 ne a mako gaba ɗaya. Gangunan fareti da na kiɗan zamani, idan aka buga su da ƙarfi, sukan kai 100 har su wuce a daidai kunnen mai bugawa. Ke nan yaron da ya kwashe awa guda yana dukan ganga iya ƙarfinsa bayan La'asar ya cinye rabon makonni uku a yammaci ɗaya.

Wurin da ake bitar ma yana ƙara tsananta abin. Ƙaramin ɗaki mai daɓen siminti da rufin kwano yana mayar da sauti, ya bugi bango ya dawo kunne. Wannan gangar a gindin bishiya a fili ba ta kai haka illa ba. Mai kalangu kuma, da yake a hammata yake riƙe shi, kunnensa na wannan ɓangaren ya fi kusa da fatar.

Kunne ba ya bambanta ƙarar ganga da sauran ƙararraki, duk a asusu ɗaya yake tara su: lasifikar gidan biki, injin niƙa, janareta, da waƙar da ake saurara da abin kunne na waya an ƙure murya. Idan yaro ya raka ubangidansa kiɗan biki ranar Asabar, to Lahadi ba ranar dukan ganga ba ce, ranar hutun kunne ce.

Alamomin farko

Wannan kurumta ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa ake raina ta. Abin da ake fara ji shi ne wani shuu ko tsuwa a kunne bayan an ajiye ganga, ko mutum ya ji muryoyi sun dushe kamar an cusa masa auduga. Yawanci kafin gari ya waye ya washe, sai a ɗauka ba komai. Alhali gargaɗi ne cewa ƙarar jiya ta wuce kima.

Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa. Mutum yana jin ana magana amma kalmomin suna cakuɗe masa, musamman a kasuwa ko a aji mai hayaniya. Iyaye su lura: yaron da ya fara yawan cewa "na'am?" ko "me kika ce?", ko yake ƙure rediyo, ko malaminsa ya fara ƙorafin ba ya mai da hankali, a duba kunnensa kafin a yanke masa hukuncin taurin kai.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku tsaya kusa da shi, tazarar tsawon hannu, yana cikin kiɗa. Idan sai kun ɗaga murya sannan zai ji ku, ƙarar ta kai matakin cutarwa, gare shi da ƙannensa da suka kewaye shi suna kallo. Haka nan jaririn da ke goye a bayan mai kiɗan ƙwarya ko mai tsayuwa kusa da makaɗa.

Yadda ya kamata bita ta kasance

Abin da ake nema a bita shi ne hannu ya saba da kari, ba unguwa ta ji ba. Mafi yawan wannan aiki ana iya yin sa a kan matashi, ko tabarmar da aka naɗe, ko guntun robar taya, da sandar kiɗa ko da tafi. Idan za a taɓa gangar kanta, a shimfiɗa mata tsumma a kan fata don ta dushe, a fita tsakar gida ko fili. Mai kalangu da ke koyon matse igiyoyi don sauya murya dole ya ji sautin, amma bugu a hankali ya ishe shi, ya ma fi taimaka masa ya tantance muryoyin.

Shawararmu ita ce a raba bitar gajere-gajere, kamar minti 15 zuwa 20 sannan a huta, maimakon zama ɗaya mai tsawo ranar jajibirin komawa wurin malami. Don kiɗa mai ƙarfi, da fareti da biki, a sa abin toshe kunne na soso ko na roba, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa. Ba shi da tsada, kuma idan an sa shi daidai yana rage desibel 15 ko fiye. Kada a ga kamar kaɗan ne: ragin 10 kawai shi ne bambancin awa 4 da awa 40. Auduga ba ta tare abin kirki. Yara sukan ji kunyar sa shi a gaban abokai, don haka ya fi tasiri idan ubangidan ne ya ba da umarni, iyaye su yi masa maganar.

A kuma sanar da ma'aikacin lafiya cewa yaron makaɗi ne idan za a rubuta masa magani. Allurai irin su jentamaisin da sitiraptomaisin suna iya taɓa kunne, kwinin ma yana sa tsuwa. Ba a sayen su a kemis ba tare da takardar likita ba.

Hannu, kafaɗa da jan fitsari

Bororo da kanta a tafin hannu abu ne da kowane sabon makaɗi zai gani. Kada a fasa bororo da allura ko reza, a wanke a rufe. Abin da ba a jurewa shi ne zafi a wuyan hannu, ko gwiwar hannu, ko kafaɗar da ke ɗauke da maratayi, wanda ya kwana bai tafi ba, ko yatsu su riƙa sagewa. Jijiya ce ta gaji. A huta kwana biyu ko uku, a sassauta riƙon sanda, a faɗaɗa maratayin. Idan ya wuce mako biyu a je asibiti.

Akwai wani abin da ke tsorata iyaye. Bayan an daɗe ana kiɗa da tafi, fitsari yakan iya fitowa ja ko kamar ruwan shayi, saboda bugun yana farfasa ƙwayoyin jini a ƙananan hanyoyin jini na tafin hannu. Likitoci sun rubuta wannan a kan makaɗan bukukuwan ƙasar Yurugwai da masu kiɗan jembe. Yakan washe cikin kwana ɗaya idan an huta an sha ruwa sosai. Duk da haka, a yankin da yara ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa, tsargiya ce abin zargi na farko, musamman idan jinin a ƙarshen fitsari yake ɗigowa. A kai fitsarin a auna, maganin tsargiya yana nan kuma yana aiki.

Idan yaron yana taya ubangidansa kankare fata don rufe ganga, a tabbatar ba fatar mushe ko ta dabbar da ta mutu farat ɗaya ba ce. Cutar antaraks tana ɓoyewa a irin wannan fata. Ta kama wani mai haɗa ganguna a birnin Niyok a 2006, ta kashe wani a Landan a 2008, kuma an tabbatar da ɓullarta a dabbobi a yankin Suleja a watan Yulin 2023. Ƙurji marar zafi mai baƙin tsakiya a hannu ko fuska yana buƙatar asibiti a ranar.

Yaushe za a ga likita?

Idan tsuwar kunne ta wuce kwana biyu, ko ji bai dawo daidai ba, ko kunne yana ciwo ko zubar da ruwa, a je asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Gwarzo, a leƙa kunnen. Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye, kada a soka tsinke ko gashin kaza. Idan kuwa kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko.

Awon ji da na'ura ba ya zafi, kuma bai cika wuce rabin awa ba. Ana yin sa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda zai riƙi kiɗa sana'a ya yi awon tun yana farawa, ya adana takardar sakamakon, ya riƙa maimaitawa shekara-shekara don a gwada sabo da tsoho.