KA TURA FARASHI, MAI SAYE YA YI ƊIF: MENE NE ABIN YI?



Duk wanda ya taɓa fitar da kaji ko kifi ya san wannan. Mutum ya yi maka magana a WhatsApp, "Malam nawa kilo?" Ka tura farashi har da bidiyo. Ya buɗe, ya gani, daga nan shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Wasu sai su yi fushi, su ce ai ɗan tambaya ne kawai. Wasu kuma gari na wayewa sai su rage kuɗi tun ba a taya ba. Duka biyun asara ce.

Mai sayar da shadda zai iya jiran kwastoma wata guda, shadda ba ta cin abinci. Mu kayanmu suna da baki. Buroila da ta kai sati 6 zuwa 7 tana cin wajen giram 170 zuwa 200 a rana. In kana da guda 500, buhu 3 zuwa 4 ke nan na mai kilo 25 a kullum, kuma a wannan lokacin abincin ba ya komawa nama kamar yadda yake yi a sati na 3 ko na 4. In a zafin Maris da Afrilu ne, manyan ne ma suka fi saurin faɗuwa. Tarwada ita ma haka, ga abinci ga man janareta na canjin ruwa. To ka ga zama jiran "zai kira" ba namu ba ne.

Bibiya tun daga saƙon farashin take farawa. Kar ka tura lamba tsurarta. Faɗi ko kilo ne ko kai, mai rai ko gyararre, wa zai biya kuɗin mota, sannan ka sa wa'adi: "wannan farashin zuwa ranar Alhamis ne." Ba wayo ba ne, gaskiya ce, tunda kuɗin abinci na bin masara da waken suya, na 'yan tsaki kuwa kusan kowane sati sai ya motsa. Ka rufe da tambaya: "Guda nawa kake so, kuma yaushe?" Wa'adin nan shi zai ba ka dalilin kira gobe ba tare da ka zama kamar mai roƙo ba.

Washegari kira za ka yi, ba rubutu ba. Da yawa cikin masu sarin kayanmu ba su damu da karanta dogon saƙo ba, in bai ɗauka ba ka bar masa saƙon murya gajere. Kuma ka san lokacin kowa. Mai shayi da ke ɗaukar kiret-kiret na ƙwai, da safe da dare hannunsa ba ya hutawa, bayan azahar za ka same shi. Mai gashin kifi da kaji kar ka neme shi bayan magariba. Ba "ka ga saƙona?" za ka ce ba, ya gani mana. Zo masa da sabon abu: "Alhaji barka da rana, ya kasuwa? Yau mun auna, suna kai kilo biyu da rabi. Ranar Laraba za mu fara fitarwa, na ce in ji ko a ware maka."

Daga amsarsa za ka gane irin shirun da ya yi, don shiru ba iri ɗaya ba ne. Hajiya mai abincin biki wataƙila masu bikin ne ba su ba ta kuɗi ba tukuna, ita tambayarta za ka yi ranar taron, ka lissafa ko kajinka za su iya kaiwa. Yaron otel sai ya jira manaja. Sabon mai kiwo da ke son 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi sau da yawa tsoron damfara ne ya riƙe shi, kuma yana da gaskiya, an cuci mutane da yawa a intanet. Shi kiran bidiyo daga cikin gona ko "zo ka gani da idonka" ya fi masa ragi.

Dillali kuwa shirunsa ciniki ne. Ya san kajinka na ci, ya san buhunan da suka rage maka ba su da yawa, jira yake ka karaya. Don Allah ko da wasa kar ka ce masa "abinci ya ƙare min." Kana faɗin haka ka gama sallamawa. Maganinsa shi ne tun kaji na sati 4 ka fara magana da mutum huɗu ko biyar, kar ya zama shi kaɗai ne a hannunka.

In ya ce ya samu da araha a wani wuri, kar ka yi saurin cewa albarka, kar kuma ka yi saurin saukowa. Tambaye shi nauyin waɗancan. Kaza mai kilo 1.8 da mai kilo 2.5 duk sunansu kaza, amma in aka raba kuɗin da nauyi sau da yawa mai tsadar ce mai arahar. In dai sai an yi ragi, to ya kasance da dalili: ya ƙara yawan abin da zai ɗauka, ko ya zo da motarsa, ko ya haɗa da ƙananan. Ragin da aka yi saboda shiru kawai, zagaye na gaba ma shirun zai yi maka.

Sau nawa? A ganina sau uku cikin sati ya wadatar: washegari, bayan kwana biyu ko uku, sai ranar da wa'adi zai cika. Bayan nan ka ƙyale shi cikin mutunci, ka rubuta sunansa da abin da ya nema a littafinka. Sallah ko Kirsimeti na matsowa, irinsu za ka fara kira.

Sai masu "insha Allahu jibi ina nan tafe." Ka karɓa da hannu biyu, amma kar ka ware kaya sai da kafin alƙalami, ka kuma gaya masa a fili cewa wanda ya fara biya shi ke da kaya. Masu kifi ku ne abin ya fi shafa, tunda sai an tsayar da abinci kwana guda kafin kamu, a rage ruwa, a sa koma. In ka yi duk wannan mutumin bai zo ba, kifi ya wahala, wasu sun ji ciwo, ga ruwan da za ka sake bugowa. Kuɗin ma ka buɗe manhajar bankinka ka gan shi ya zauna kafin ka taɓa bututun ruwa, hoton rasit da aka turo a WhatsApp bai isa ba.