Tsoron Mutum a Garken Aladu

Ko da yake naman alade haramun ne ga Musulmi, kiwonsa sana'a ce babba a Turai da Asiya, kai har a kudancin Kaduna, inda kasuwar Katsit ta kusa da Kafanchan ta yi suna. Kuma babbar musibar masu wannan sana'a ita ce mutuwar 'ya'ya kafin yaye, wadda galibi takan ci ɗaya ko biyu daga cikin kowane goma, akasari a kwana ukun farko. Uwa takan kai kilo 250, ɗanta kuwa da ƙyar yake kai kilo ɗaya da rabi, saboda haka idan ta tashi a firgice ta sake zubewa ƙasa ba tare da ta ture 'ya'yan da hancinta ba, sai a wayi gari an ga ɗaya a ƙarƙashinta ya riga ya sandare.

Tun wajen 1960 Turawa suka ɗauka maganin abin ƙarfe ne, suka ƙera keji matsattse wanda uwar ba ta iya juyawa a cikinsa. Amma wani masani na ƙasar Ostareliya, Paul Hemsworth, ya nemi illar a wani wuri dabam. A binciken da shi da abokansa suka wallafa a 1981 game da wasu gonakin Holan, sun auna yadda uwa take matsowa kusa da mutum ko take ja da baya, suka tarar cewa gonakin da aladunsu suka fi gudun mutane su ne suka fi ƙarancin 'ya'ya. Binciken da ya yi daga baya ya nuna asalin tsoron, wato duka da tsawa da shurin da ma'aikaci yake yi kullum ba tare da ya ɗauke su a bakin komai ba.

Hikimar da ke ciki kuwa ba ta da wuyar fahimta. Bayan kwana 114 na ciki, idan naƙuda ta zo wa uwar tana cikin fargaba, jikinta yakan tauye sinadarin oksitosin, wanda shi ne yake tura ɗa waje kuma yake sakin nono. Sai haihuwa ta yi tsawo, na ƙarshe su fito a mace ko a galabaice, waɗanda suka rayu kuma su makara wajen shan dakashi, alhali a cikinsa kariyarsu daga cututtuka take. Haka nan uwar da ba ta yarda da mutum ba, ba ta barin a taɓa ɗanta a tsane shi ko a kai shi kan nono.

A ganina wannan ilimi ya fi muhimmanci yanzu, domin Suwidin ta hana kulle uwa a kejin tun 1988, Suwizalan da Norwe suka bi sahu, kuma a irin waɗannan gonaki ma'aikaci yana shiga ɗakin haihuwa babu shamaki tsakaninsa da uwar.